Yadda Ake Gano da Magance Katsalandan ɗin Lantarki da ke Rikita GPS a Motocin Agajin Gaggawa

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin da ake lura da zirga-zirgar motocin asibiti ko na kwana-kwana ya san irin faɗuwar gaban da ake yi idan ɗigon da ke nuna mota a kan taswira ya tsaya cik a Kwangila, alhali direba ya daɗe da wuce Samaru yana dosar Shika da mara lafiya a baya. Akan ɗora laifin a kan sabis, ko a ce na'urar ce ta tsufa, a sayo sabuwa, bayan mako biyu ita ma ta fara irin halin ta farko. Shekarun da na yi ina aikin wayarin mota a nan Zariya sun nuna mini cewa a mafi yawan lokuta ɓarawon na cikin gida ne: fitilun gargaɗi, da jiniya, da caja, da inbata, da kyamara, da rediyon oba-oba, waɗanda mu da kanmu muke liƙa wa motar, su ne suke toshe kunnen na'urar da ke sauraron taurarin ɗan'adam.

Akwai wata motar ɗaukar marasa lafiya ta wani ƙaramin asibiti da aka taɓa kawo mini har sau uku. Duk lokacin da aka ajiye ta a bakin gareji, na'urar bin sawunta tana aiki lafiya lau, amma da zarar an fita ɗauko mara lafiya sai ta ɓace daga taswira. Sai a zuwa na uku na tambayi direban abin da yake kunnawa idan ya fita aiki wanda ba ya kunnawa idan ya zo wurina, ya ce fitilun saman mota. Muna kunna su, taurarin da na'urar ke kamawa suka zube daga goma sha ɗaya zuwa uku. Wanda ya ɗaura fitilun ya bi da wayarsu ta rami ɗaya da wayar eriya, ya kuma ɗaure su tare da salatif. Ke nan na'urar takan mutu ne daidai lokacin da aka fi buƙatarta, kuma wannan ne ya sa nake ganin matsalar ta cancanci a zauna a bi ta daki-daki.

Abin da ya kamata a fara fahimta

Taurarin GPS, waɗanda Amurka ke gudanarwa, suna shawagi ne a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kuma siginar da yawancin na'urorin mota ke saurara tana zuwa ne a kan zangon rediyo na megahaz 1575.42 (megahaz ma'aunin zango ne), wanda ake kira L1. Kafin ta iso rufin mota ta riga ta yi rauni ƙwarai, har ta kasa kai ƙarfin hayaniyar da ke cikin kayan lantarkin na'urar ita kanta. Da dabarar lissafi ake tsamo ta. Kwatancinta shi ne mutum ya tsaya a tsakiyar kasuwar Sabon Gari da rana tsaka yana ƙoƙarin jin raɗar wani da ke can tsallaken titi. Ba sai an yi tsawa ba kafin raɗar ta ɓace, ya isa wani ya tsaya kusa da kunnenka yana magana ƙasa-ƙasa.

Na'urar tana gano inda take ne ta hanyar auna lokacin da sigina ta ɗauka daga kowane tauraro, kuma tana buƙatar aƙalla taurari huɗu. Da yake siginar tana tafiya da saurin haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana zama kuskuren mita 300 a ƙasa. A cikin birnin Zariya, mita 300 ta isa ta raba ka da lungun da ake jiranka, ta kai ka wata unguwa dabam.

Mataki na farko: a bambance cutar kafin a nemi magani

Abubuwa huɗu ne sukan yi kama da juna a idon direba, kuma kowanne maganinsa dabam. Na ɗaya, yankewar sabis. Na'urar GPS saurare kawai take yi, ba ta buƙatar data don ta san inda take, amma na'urar bin sawu tana buƙatar layin waya don ta aika wa ofis labarin. Idan sabis ne ya ɗauke, direba yana ganin kansa daidai a allonsa, ofis ne ba ya ganinsa, kuma idan sabis ya dawo yawancin na'urori sukan turo duk hanyar da aka bi a dunƙule. Saboda haka a duba tarihin tafiyar: in hanyar ta cike bayan ɗan lokaci, matsalar ta layi ce, in giɓin ya zauna, ko layin tafiyar ya miƙe ya ratsa gidaje da gonaki, to na'urar ce ta rasa taurari.

Na biyu, yankewar wuta, wadda ake ganewa idan na'urar tana mutuwa tana tashi yayin da aka tayar da inji ko aka faɗa rami. Na uku, kuskuren taswira, inda ɗigon yake daidai amma sunan titin ko lungun ne ba ya nan. Na huɗu shi ne wanda muke magana a kai, wato katsalandan, kuma alamarsa ita ce ƙarfin siginar taurari duka ya faɗi lokaci guda ba tare da an shiga ƙarƙashin rufi ko gada ba.

Wayar hannu tana iya yaudarar mai bincike a nan, domin idan ta rasa taurari takan koma yin kirdado da turakun sabis da na'urorin intanet na kusa, ta nuna ɗigo da faffaɗan da'ira kewaye da shi. Faɗin wannan da'irar shaida ce cewa wayar ba ta da tabbas.

Mataki na biyu: a ɗauki ma'aunin lafiya

Ba za ka san mota ta kamu ba sai ka san yadda take idan tana lafiya. A nemi fili buɗaɗɗe, nesa da dogon gini da manyan itatuwa da taransifoma, kamar filin ƙwallo ko filin idi. A tafi da mutum biyu, da littafi da biro, da wayar Android da aka saka wa manhajar da ke nuna ƙarfin kowane tauraro, irin su GPSTest ko GnssLogger ta kamfanin Google. Idan na'urar motar tana da shafin da ke nuna taurari, shi ya fi dacewa a karanta, domin ita ce mai ciwon. Ba a yin wannan aikin da mara lafiya a ciki, kuma a tabbatar akwai wata motar da ke riƙe da aiki.

A kashe inji da komai na lantarki, a bar na'urar GPS kaɗai, a jira minti goma sha biyar. Dalilin jiran shi ne na'urar da ta daɗe a kashe tana buƙatar minti goma sha biyu da rabi kafin ta karɓi cikakken jadawalin taurari. Daga nan a rubuta abu uku: yawan taurarin da ake amfani da su, da lambar ƙarfin sigina ta taurari huɗu ko biyar mafi ƙarfi, da ƙiyasin kuskuren da na'urar ke nunawa da mita. Lambar ƙarfin, wadda manhajojin ke rubutawa C/N0, ita ce zuciyar binciken. A fili, da eriya mai kyau, taurarin da ke sama sosai sukan ba da tsakanin 40 zuwa 50. Wayar hannu takan yi ƙasa da haka kaɗan. Abin da ya sauka ƙasa da 30 ya fara rauni. A kuma riƙe cewa ma'aunin desibel ne, don haka faɗuwar maki 3 tana nufin an yi asarar rabi, faɗuwar maki 10 kuma tana nufin kashi ɗaya cikin goma ne ya rage. Wanda bai san wannan ba zai ga 45 ta koma 39 ya ce ba komai, alhali kashi uku cikin huɗu ne suka tafi.

Ina ba da shawarar a yi awon da hantsi, kuma duk lokacin da za a maimaita a koma wuri ɗaya a kusan lokacin da aka yi na farko, saboda taurarin GPS suna komawa kusan matsayinsu na jiya da gaggawar minti huɗu a kowace rana. Ta haka kwatancin jiya da yau zai yi ma'ana.

Mataki na uku: a kunna kaya ɗaya bayan ɗaya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne gaggawa ke ɓata shi. Mutum ɗaya ya riƙe makunnai, ɗaya ya zuba wa lambobi ido. Ƙa'idar ita ce a kunna abu guda, a ba shi minti ɗaya cur, a rubuta lambobin taurarin nan da aka zaɓa, a kashe shi, a jira lambobin su koma yadda suke, sannan a wuce na gaba. Idan ba su koma ba, a dakata, domin wataƙila wani abu ne daga waje ya shigo.

A fara da inji shi kaɗai, a sulo, sannan a taka shi zuwa matsakaicin gudu. Faɗuwar da ke ƙaruwa da ƙarar inji tana nuni ga altaneta, ko filogi da wayoyinsa a motar fetur, ko kuma wayar da ke haɗa batir da jikin mota ta yi tsatsa. Daga nan a bi fitilun gargaɗi na sama, a gwada kowane salon walƙiyarsu, domin wani salon ya fi wani hayaniya. Fitilun zamani na LED ba su da laifi a karan kansu. Ɗan allon da ke sarrafa wutarsu ne yake yanka lantarki yana haɗawa sau dubbai a daƙiƙa, kuma idan mai araha ne wanda ba a sa masa matata ba, wayarsa takan zama eriyar da ke watsa hayaniya a faɗin zanguna da yawa. Haka abin yake ga cajar waya ta ramin sigari, da inbatar da ke ba kayan asibiti wuta, da ƙaramin firij ɗin magani, da fitilun cikin ɗakin mara lafiya.

Kyamarar gaban mota tana buƙatar kulawa ta musamman, saboda ana liƙa ta ne a gilashi, sau da yawa taƙi ɗaya daga inda aka ajiye na'urar GPS. A gwada ta tana ɗauka, a gwada allonta a kunne da a kashe, a kuma matsar da ita hannu guda a ga ko lambobin za su ɗaga. Kwamfutar tafi-da-gidanka da wayoyin USB masu saurin aika bayanai su ma sanannun masu hayaniya ne.

Sai jiniya, wadda za a kunna na ɗan lokaci bayan an sanar da mutanen kusa, sai kuma oba-oba. Rediyo ba ya nuna halinsa sai an danna ana magana, don haka a danna na daƙiƙa goma a kowace tashar da ake amfani da ita. Hanya biyu yake cutarwa. Ta farko, ƙarfinsa kaɗai yana iya dushe ƙaramar na'urar ƙara sigina da ke cikin eriyar GPS idan eriyoyin biyu suna maƙwabtaka, kamar yadda fitilar babbar mota ke kashe wa mai babur ido da dare. Ta biyu, kowace na'urar watsa sigina tana zubar da ragowa a ninkin zangonta: rediyon da ke aiki kusa da megahaz 157.5, ninkinsa na goma yana faɗawa kan 1575. Abin da ke watsawa kusa da 525, ninkinsa na uku can yake sauka. Na kusa da 787 kuma ninkinsa na biyu. Shi ya sa wata tasha za ta kashe GPS, ta kusa da ita kuma ba za ta taɓa shi ba.

Kayan jinya, irin su na'urar lura da bugun zuciya da ta zuƙe majina da ta tace iskar shaƙa, su ma a kunna su a auna, amma mai wayarin mota ba shi da hurumin buɗe su ko sauya musu waya. Idan aka kama ɗaya daga cikinsu, injiniyan kayan asibiti za a kira, mu kuma namu shi ne mu nisanta eriya daga gare ta.

A ƙarshe a kunna komai gaba ɗaya, yadda motar take a ranar aiki ta gaske. Sau da yawa babu wani abu guda da ya yi babbar ɓarna, sai dai wannan ya ci maki biyu, wancan ya ci uku, idan suka taru su durƙusar da na'urar. A ganina duk abin da ya ci maki 3 ko fiye shi kaɗai ya shiga jerin waɗanda za a gyara.

Mataki na huɗu: gyara

Kafin a taɓa kowace waya a cire kan batir na baƙi. Magani na farko kuma mafi araha shi ne tazara. A sarari, idan ka ninka nisan da ke tsakanin mai hayaniya da eriya, ƙarfin hayaniyar yakan ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka a fitar da eriyar GPS waje, a ɗora ta a kan rufin ƙarfe tana kallon sama, a ba ta aƙalla mita ɗaya daga eriyar oba-oba da kuma fitilun gargaɗi idan tsawon rufin ya ba da dama, kuma kada a maƙale ta a gindin wani abu da ya fi ta tsayi. Rufin ƙarfen yana amfani biyu: yana taimaka wa eriyar wajen kama sigina, yana kuma zama garkuwa tsakaninta da hayaniyar cikin mota. Idan rufin na roba ne ko faiba, kamar na wasu motocin da aka ɗaga musu sama, a shimfiɗa farantin ƙarfe mai faɗin tafin hannu biyu a ƙarƙashinta.

Na san dalilin da ya sa ake ɓoye na'urar bin sawu a can ƙarƙashin dashbod, wato tsoron ɓarayi, kuma dalili ne mai ƙarfi. Amma ana iya ɓoye na'urar a fitar da eriyarta kawai. Motar da ke ɗaukar rai ba ta dace da na'urar da ke leƙen sama ta tsakanin ƙarafa da tarin wayoyi ba. A kuma lura da baƙin gilashi, domin wasu ledojin da ake liƙawa suna da ƙarfe a cikinsu, suna tare sigina. Gwajinsa shi ne a karanta lambobi a ciki, a sauke gilashi a miƙa wayar hannun waje a sake karantawa.

Wayar eriya ta bi hanyarta ita kaɗai. Kada ta jera da wayar fitilu ko ta jiniya ko ta inbata, kuma inda ya zama dole su haɗu, su gitta juna a tsaye kamar mararraba. Kada a lanƙwasa ta da ƙarfi, kada ƙofa ta datse ta, kada kuma a yanka a ɗaure da hannu kamar wayar fitila, domin rigar ƙarfen da ke kewaye da ita ce kariyarta. Siririyar wayar da ake sayarwa da yawancin eriyoyi tana cin kusan desibel ɗaya ko fiye a kowace mita, don haka tsawon da ya wuce buƙata asara ce. Yawancin eriyoyin waje suna karɓar wuta ta cikin wannan wayar, tsakanin bolt 3 zuwa 5; a auna da mitar awon wuta a tabbatar tana isa. Zafin bazara yana fasa robar eriya, ruwan damina ya shiga mahaɗa ya yi tsatsa, ƙurar hunturu kuma ta cike abin da ya rage, saboda haka a duba mahaɗar a naɗe ta da abin hana ruwa.

Ta ɓangaren masu hayaniyar, a ba na'urar GPS layin wutarta dabam daga batir da fiyus ɗinta, kada ta sha daga layin fitilu. A kankare fenti da tsatsa a inda wayar baƙi ta kowane kaya ke kama jikin mota, a gajarta ta, a ɗaure tam. A murɗa wayar ja da baƙi ta fitilu tare kamar igiya, domin hakan yana rage abin da suke watsawa. Ana iya maƙala zoben ferait, wato zoben da ke rage hayaniyar lantarki, a wayar kusa da jikin kayan. Wani lokaci yana taimakawa sosai, wani lokaci kaɗan, awo ne zai faɗa. Caja ko kyamarar da aka kama da laifi kuwa, canza ta ya fi sauƙi da arha a kan yi mata magani. Wajen sayen sabbin fitilu da inbata, a nemi masu ɗauke da alamar harafin E a cikin da'ira tare da lambar 10R, wadda ke nuna an gwada su bisa ƙa'idar hayaniyar lantarki ta kayan mota, amma kada alamar ta hana gwaji, domin jabu ma sukan buga ta. A gwada kaya a jikin mota kafin a biya kuɗi.

Bayan kowane gyara guda a koma mataki na uku a auna. Wanda ya canza abu biyar lokaci ɗaya ba zai san wanne ya yi aiki ba, kuma ba zai iya maimaita nasarar a mota ta biyu ba.

Mataki na biyar: a fita titi

Idan cikin mota ya tsabtata, a bi hanyoyin da aka saba bi ana naɗar bayanai: daga Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada da PZ, daga Kwangila zuwa Shika, hanyar Wusasa da Ɗan Magaji, hanyar Basawa, sannan a kutsa cikin birni ta Babban Dodo da lungunan da mota ke iya shiga. A yi alama a duk inda lambobi suka faɗi, a sake bi wata rana. Wurin da ya maimaita kansa yana da dalili na dindindin.

A cikin lunguna, abin da aka fi gamuwa da shi shi ne katanga ta tare rabin sama, sigina kuma ta bugi rufin kwano ta dawo ta doguwar hanya, sai ɗigon ya riƙa tsalle hagu da dama. Alamarsa ita ce wasu taurari sun faɗi wasu suna nan da ƙarfinsu. Wannan gyaran wayarin mota ba ya maganinsa. Abin da ke rage shi shi ne na'urar da ke sauraron tsari fiye da ɗaya, wato GPS tare da GLONASS na Rasha, da Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na Sin, kuma mai kama zango na biyu, L5, da ke kan megahaz 1176.45. Mafi kyawunsu su ne masu ci gaba da lissafin tafiya daga juyawar taya da na'urar auna karkata idan taurari suka ɓace na ɗan lokaci. Sai dai a sani cewa zangon farko na duk waɗannan tsare-tsare yana kusa da juna, don haka hayaniya mai faɗi tana iya haɗa su ta danne.

Idan kuwa taurari duka suka faɗi tare a fili, suka dawo bayan an wuce wani wuri ko bayan wata mota ta yi nisa, to akwai mai watsa wani abu. Yana iya zama ba da gangan ba: a 2001, a tashar jiragen ruwa ta Moss Landing da ke Kalifoniya, bustar eriyar talabijin da ta lalace ce ta hana jirage amfani da GPS, kuma irin wannan busta tana kan rufin gidaje da yawa a nan. Yana iya kuma zama da gangan, ta ƙaramar na'urar toshe sigina da wasu direbobi ke soka wa a ramin sigari don kada mai mota ya ga inda suka je. Irinta ce ta riƙa rikita na'urar saukar jirage a filin jirgin saman Newark na Amurka daga ƙarshen 2009, kuma a 2013 hukumar sadarwar ƙasar ta yanka wa wani direba tarar kusan dala 32,000. Mu da muke da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama a Palladan, inda ɗalibai ke tashi da sauka, wannan batu ya shafe mu kai tsaye.

Akwai kuma abin da ke zuwa daga sama. Zariya tana kusa da layin tsakiyar maganaɗisun duniya, yankin da saman sararin samaniya kan hargitse bayan faɗuwar rana, musamman a watannin Maris da Afrilu da Satumba da Oktoba, kuma ya fi tsanani a shekarun da rana ke kan ganiyar tashin hankalinta, kamar yadda aka shiga a 2024. Guguwar rana ta 10 ga Mayun shekarar ta tsayar da taraktocin manoma masu aiki da GPS a Amurka. Alamar wannan ita ce lambobi su riƙa rawa sama da ƙasa tsakanin magariba da tsakar dare, a motoci da yawa lokaci ɗaya, da safe kuma komai ya koma daidai. Kada a kwance wayoyin mota saboda shi.

Idan ta ɗauke ana tsakiyar aiki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin kira ya zo, kowace mota ta kasance da taswirar Zariya da kewaye da aka sauke a waya don ta yi aiki babu data, da taswirar takarda mai ƙofofin gari da manyan masallatai da makarantu da kasuwanni. Mai karɓar kira, ko ta layin asibiti ko wanda aka turo daga 112 ko 122 na hukumar kiyaye haɗura, ya saba da karɓar kwatance biyu: wurin da aka turo ta WhatsApp, da kuma na baki, wato unguwa, da sananniyar alama, da mutumin da zai fito bakin titi ya tari motar. Idan ana karanta lambobin wuri ta rediyo, a tuna cewa namu suna farawa ne da 11 a arewa sannan 7 a gabas. Wanda ya juya su zai tura mota jihar Taraba a kan taswira. Kuskuren 0.001 a lambar arewa kuma ya kai mita 111.

Direba ba ya gyaran na'ura yana tuƙi. Abokin aikinsa ne zai zare caja da kyamara, ya kira ofis ya ce, misali, "Ranka ya daɗe, GPS ta ɗauke, mun wuce Hanwa yanzu, za mu kira a ƙofar jami'a." Daga nan a riƙa ba da rahoto a kowace sananniyar mahaɗa har a isa. Fitilun gargaɗi da jiniya ba a kashe su don ceto taswira. Idan ɗigon ya yi tsalle zuwa wani gari, ko agogon na'urar ya sauya, ko tana nuna gudu alhali an tsaya, a daina yarda da ita gaba ɗaya har ƙarshen tafiyar, domin na'urar da ke ba da amsar ƙarya ta fi wadda ta yi shiru haɗari. Ina kuma roƙon masu tsara aiki su riƙa haɗa sabon direba da tsohon hannu, su zagaya unguwanni da na'ura a kashe aƙalla sau ɗaya a wata. Da ɗan gari akan ci gari, kuma wannan sanin yana dushewa idan allo ya daɗe yana yi wa mutum jagora.

Bayan an sauke mara lafiya, a rubuta abin da ya faru tun bai gushe ba: rana, da sa'a, da wuri, da tsawon lokacin, da kayan da ke kunne, da ko wata motar ta fuskanci haka. Idan littafin ya nuna wuri ɗaya yana maimaituwa a motoci dabam-dabam, shugaban sashe ya kai rahoto a rubuce ga Hukumar Sadarwa ta Najeriya, wato NCC, wadda dokar sadarwa ta 2003 ta ɗora wa kula da zangunan sadarwa, a haɗa da hotunan allon lambobi. Kada ma'aikata su je neman mai na'urar da kansu. Awon fili kuma a maimaita shi duk bayan wata uku, da bayan ruwan farko na damina, da kuma duk ranar da aka ƙara wa motar ko da caja ɗaya ce, a ajiye takardar sakamakon a aljihun dashbod tare da takardun motar.